Yadda Ake Gina Saurin Yatsu a Kan Jitar Bes

Duk wanda ya daɗe yana riƙe jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ya san wannan halin. Akwai wani kiɗa da ya shiga ranka, ka zauna ka ciro shi sauti bayan sauti, a hankali kana iya kaɗa shi tsaf. Amma da zarar ka kunna waƙar ka ce za ka bi ta a saurinta na ainihi, kafin daƙiƙa ashirin hannunka ya sandare, yatsu sun harɗe, sautukan sun cakuɗe, mai ganga ya wuce ya bar ka a baya. Abin da akasarin masu koyo ke yi a nan shi ne su cije leɓe su ƙara ƙarfi. Ni ma haka na yi shekaru, kuma ban ƙaru da komai ba sai ciwon tsintsiyar hannu. Sai daga baya na gane cewa sauri a wannan kayan kiɗa daga sassauci yake fitowa, da rage motsin da ba shi da amfani. Duk abin da zan faɗa a nan kan wannan ya ginu.

Bari mu fara da lissafi, don mu san abin da muke nema. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a minti ɗaya. Yawancin kiɗan da muke kira mai gudu yana cusa sauti huɗu ne a cikin kowane bugu. To a bugu 60 a minti, sauti huɗu ke nan a kowace daƙiƙa. A bugu 120 kuwa sauti takwas ne a daƙiƙa, wato in kana kaɗawa da yatsu biyu, kowanne zai je ya dawo sau huɗu kafin daƙiƙar ta cika. Ka ga ke nan yatsan da ke tashi sama santimita biyu bayan kowane kaɗi yana tafiyar da ta ninka ta wanda ke tashi rabin santimita har sau huɗu, kuma a lokaci guda ake so su iso. Ba za su iso tare ba.

Duba jitar kafin ka zargi hannunka

Wani lokaci laifin ba na yatsu ba ne. Ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 12, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita. A tsirkiya mafi kauri, ta E (sauran a jere zuwa mafi siranta su ne A, D da G), tazarar da aka saba da ita tana wajen milimita 2 zuwa 2.5. In taka ta kai milimita huɗu ko biyar, kowane danni kokawa ce, kuma ba wani atisayen da zai rufe wannan giɓin. Ana rage tsayin daga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, wani lokaci kuma sai an daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. In ba ka taɓa yi ba ka kai wa wanda ya iya, musamman sandar nan, don murɗa ta da ganganci na iya lalata wuyan gaba ɗaya.

Kaurin tsirkiya ma yana da nasa tasirin. Saitin da aka fi amfani da shi yana farawa daga .045 zuwa .105 na inci, akwai kuma masu ɗan sauƙi kamar .040 zuwa .100, waɗanda suka fi laushi a hannu. Sai igiyar rataya: ka daidaita ta yadda jitar za ta zauna wuri ɗaya a jikinka ko kana zaune ko kana tsaye. Wanda ya yi atisaye a zaune jita na kan ƙirjinsa, ya hau dandamali tana lilo a cinya, hannunsa zai tarar da wani kusurwa dabam da wanda ya saba.

Hannun kaɗi

A nan mafi yawan matsalar take, don haka a nan zan daɗe.

Mataki na farko, ƙara sautin amfilifaya, wato na'urar da ke ɗaga muryar jita, ka rage ƙarfin yatsanka. Ka ɗaga murya har ta ɗan fi yadda kake so, sannan ka tilasta wa kanka kaɗawa a hankali har sautin ya dawo daidai. Da farko za ka ji kamar ba ka yin komai. Haka ake so. Tsirkiyar bes tana da kauri da tsawo, inci 34 a yawancin jitoci, kuma in ka fizge ta da ƙarfi tana yin lilo mai faɗi, yatsa na biyu ya zo ya tarar ba ta inda ya bar ta. Kaɗi mai laushi yana barin ta kusa da mazauninta. Gary Willis, ɗaya daga cikin masu tsaftar hannu a wannan fanni, a kan wannan ya gina salonsa: amfilifaya a sama, yatsu kamar suna shafa.

Na biyu, matsar da hannun kusa da jaki. Tsirkiya ta fi tauri a can, ba ta yawan lilo, yatsa yana wuce ta da wuri. Kusa da wuya sautin ya fi kauri da daɗi, amma tsirkiyar tana da taushi kamar igiyar shanya, tana riƙe yatsa. Makaɗin bes Jaco Pastorius ya shahara da kaɗa masu gudunsa a kusa da jaki, kuma duk wanda ya gwada zai ji dalili nan take. Ba sai ka manne da jakin ba, ka nemi wurin da sauti bai yi siriri da yawa ba kuma tsirkiyar ba ta yi maka taurin kai ba.

Na uku, karɓa-karɓa tsakanin manuniya da yatsan tsakiya. Wannan ya kaɗa, wannan ya kaɗa, ba wanda zai yi biyu a jere sai da dalili. Ka kaɗa da ƙarshen tsokar yatsa kaɗai, ka bar shi ya wuce ya sauka kan tsirkiyar da ke bayanta ya huta. Kada ka ɗaga tsirkiyar sama kamar mai jan baka. Yatsa ya bi ta kanta ya wuce zuwa wajen jikin jita. Kuma yayin da yatsa ɗaya ke kaɗawa, ɗayan ya riga ya dawo yana jira dab da tsirkiya. Ka sa ido a kan hannunka, ko ka tsaya gaban madubi, za ka yi mamakin nisan da yatsunka ke zuwa yawo ba ka sani ba.

Yatsan tsakiya ya fi manuniya tsawo, shi ya sa sau da yawa sautinsa ke fin nata ƙarfi. Ka ɗan karkatar da hannu har ƙarshen biyun su daidaita a kan tsirkiya. Gwajin shi ne ka rufe ido ka kaɗa tsirkiyar A a buɗe, ba ka danna ta ba: in kana iya gane wane yatsa ne ya kaɗa daga sautin kawai, da sauran aiki.

Ga atisayen da nake ba kowa. Sa metronom, wato na'urar da ke ƙidaya bugu, wadda yanzu akwai manhajojinta a kowace waya, a kan 60. Ɗora hannun danni a kan tsirkiyoyi ba tare da ka danna ba, don sautin ya mutu ya zama "tak tak" kawai. Kaɗa sauti huɗu a kowane bugu na tsawon minti ɗaya a tsirkiyar E, ka koma A, sai D, sai G. Ka sake, amma wannan karon ka fara da yatsan tsakiya maimakon manuniya. Wannan farawa da kowane yatsa mutane na raina shi, alhali a cikin kiɗa na gaske ba kullum ne yatsan da ka fi so zai faɗo a farkon bugu ba, kuma ranar da ɗayan ya faɗo, nan ne ake tuntuɓe.

Tsallaka tsirkiya shi ne babban shinge. Idan kana dawowa daga siririyar tsirkiya zuwa mai kauri, misali daga D zuwa A, yatsan da ya kaɗa D ya riga ya sauka a kan A, don haka ana iya barin sa ya ja ta kawai. Wasu malamai suna son wannan jan, wasu sun fi son karɓa-karɓa tsantsa. Ni ina ganin jan yana rage wahala kuma ya dace da yadda hannu yake, sai dai yana da halin gaggawa: sauti na biyu yakan riga lokacinsa. Ka koyi duka biyun, amma a kowane kiɗa ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Hawa daga mai kauri zuwa siririya ba shi da gajeriyar hanya, sai dai dukan hannun ya matsa tare daga gwiwar hannu, ba yatsa ya miƙe shi kaɗai yana lalube ba.

Wani zai tambaya, yatsu uku fa? Makaɗin bes Billy Sheehan da uku yake gudu, yana farawa daga yatsan zobe zuwa na tsakiya zuwa manuniya. Hanya ce mai kyau, amma tana da nata wuyar, tunda raba sauti huɗu-huɗu a kan yatsu uku yana sa farkon kowane bugu ya faɗo a kan yatsa dabam. Steve Harris na ƙungiyar mawaƙa ta Iron Maiden da yatsu biyu yake sukuwarsa, Rocco Prestia na ƙungiyar Tower of Power ma da biyu ya yi suna, James Jamerson kuwa mafi yawan abin da ya kaɗa wa kamfanin waƙa na Motown a shekarun 1960 da yatsa ɗaya ya yi shi. Ka gama da biyu tukuna. Mai amfani da ɗan filastik ɗin kaɗawa shi ma ƙa'idarsa ɗaya ce: ƙasa, sama, ƙasa, sama, motsi daga tsintsiyar hannu, ɗan bakin filastik kaɗan ya leƙo, kuma riƙon ya zama sako-sako.

Hannun danni

Yi wannan gwajin yanzu. Ɗora yatsa a firet na 5 na tsirkiyar A, dab da bayan ƙarfen, ba tsakiyar gidan ba. Kada ka danna. Fara kaɗawa, kana ƙara nauyin yatsan kaɗan-kaɗan. Za ka ji mataccen sauti, sai zizar tsirkiya a kan ƙarfe, sai kuma sauti ya fito tas. Daidai wannan wurin shi ne iyakar ƙarfin da ake bukata. Duk abin da ka ƙara a kai asara ce, kuma yatsan da ya danna da ƙarfi yana daɗewa kafin ya saki. Akasarin masu koyo suna matse wuyan jita fiye da kima tsakanin babban yatsa da sauran. Ka gwada kaɗa ɗan wani abu babban yatsanka bai taɓa bayan wuyan ba ko kaɗan, za ka ga nauyin hannu kawai ya isa. Sannan ka mayar da shi, amma a matsayin madogara, ba matsewa ba.

Yatsun da ba sa aiki su zauna kusa da tsirkiya. Ƙaramin yatsa shi ne mai son tashi sama, kuma ba ya gyaruwa sai da atisaye mai tsananin jinkiri, kana kallonsa. Ka yi 1-2-3-4, yatsa ɗaya a kowane firet, ka fara daga firet na 7 ko na 9 inda gidajen suka fi matsuwa. A can ƙasa kusa da kan jita, daga firet na 1 zuwa na 5, gidajen suna da faɗi, kuma ba dole ba ne ka buɗe hannu har ya yi zafi. Da yawa suna rufe firet uku da manuniya da na tsakiya da ƙaramin yatsa, su matsar da hannu in an bukaci na huɗu. Matsawa ta fi miƙewa sauƙi a kan jijiya.

Kada ka manta kuma ba kowane sauti ne sai an kaɗa shi ba. In sautuka biyu suna kan tsirkiya ɗaya, ana iya kaɗa na farko a sauko da yatsa kamar guduma a fitar da na biyu, ko a fizge yatsa daga na sama a bar na ƙasa ya yi ƙara. Ka saurari kiɗan da kake koyo da kunnen basira, mai yiwuwa shi kansa mai shi bai kaɗa rabin abin da kake wahalar kaɗawa ba.

Yanzu sai kiɗan kansa

Ka fara da sanin sa a kai kafin hannu. In ba za ka iya rera shi da baki ba, ko a hankali, to yatsu ba su da abin bi. YouTube da manhajoji da yawa suna rage saurin waƙa zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari ba tare da muryar ta sauya ba, ka yi amfani da su.

Sai ka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki bugu biyu ko huɗu. Ga kowane yanki ka yanke shawarar wane yatsa zai danna wane sauti, wane kuma zai kaɗa, ka rubuta a takarda. Wannan rubutun kamar ɓata lokaci ne, amma hannun da ke sauya tsari kowane zagaye ba ya haddace komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsarin da ka maimaita a makon farko shi zai zauna, mai kyau ne ko maras kyau. Kuma kowane yanki ka haɗa shi da sautin farko na yankin da ke biye, don mahaɗar ita ce inda ake yawan karyewa.

Nemi saurin da za ka iya kaɗa yankin ba kuskure, ba ɗaurewar kafaɗa, numfashinka na tafiya daidai. Ko da rabin saurin waƙar ne, nan ne mafarinka. Ka kaɗa sau uku a jere tsaf, ka ƙara bugu 4. Sau uku kuma, ka ƙara 4. In ka yi kuskure a na uku, ƙidaya ta koma farko. Za ka kai inda abin zai fara wargajewa. Kada ka tsaya nan kana ta dukan bango, domin duk maimaicin da ka yi da kuskure, kuskuren kake koya wa hannunka. Ka ja baya da bugu 8 ko 10, ka gama zaman ranar a inda kake da iko. Rubuta lambar a littafi. Gobe ka fara ƙasa da ita kaɗan.

An ce sannu ba ta hana zuwa, kuma gaskiya ne, sai dai a wannan harka sannu ita kaɗai tana da iyaka. Motsin gudu ba motsin tafiya ba ne da aka hanzarta, kamar yadda mai tafiya ba ya zama mai tsere don kawai ya ɗaga ƙafa da wuri. A hankali kana iya yin manyan motsi ka tsira, kuma ba za ka san suna nan ba sai sauri ya tona su. Shi ya sa nake haɗa hawan metronom da abin da nake kira fizga. Sa metronom a saurin waƙar na ainihi. Kaɗa sauti biyar kacal, huɗu na bugu ɗaya da wanda za ka sauka a kai, sai ka tsaya cak, ka saki hannu, ka bar bugu uku su wuce, ka sake. Biyar ɗin nan kusan kowa zai iya, saboda hannu bai samu lokacin ɗaurewa ba. Ka lura da yadda yatsun ke yi a wannan ɗan lokaci: ƙanana ne motsinsu, masu sauƙi. Wannan yanayin shi za ka ɗauka ka koma da shi atisayen jinkiri. In biyar sun zauna, ka mai da su tara, sannan goma sha uku, kana ƙara bugu ɗaya-ɗaya.

Akwai wata dabara ga yankin da ya ƙi ji. Ka sauya tsawon sautukan: na farko dogo na biyu gajere, dogo, gajere, har ƙarshe. Sannan ka juya, gajere, dogo. Ta haka kowace mahaɗa tsakanin sautuka biyu ta samu nata rabon sauri, kai kuma kana samun wurin numfasawa a tsakani. In ka dawo ka kaɗa shi daidai, sau da yawa za ka tarar ƙullin ya warware.

In har yanzu ya ƙi, ka raba hannuwan ka gano mai laifi. Kashe tsirkiyoyi ka kaɗa tsarin da hannun kaɗi kaɗai, da duk tsallake-tsallakensa. Sannan ka danna tsarin da ɗaya hannun ba kaɗi. Wani lokaci kowanne yana iyawa shi kaɗai, haɗuwarsu ce ba ta zo daidai ba, yatsa ya kaɗa kafin ɗan'uwansa ya danna. Maganin wannan komawa jinkiri ne, kana sauraron ko sauti yana fitowa da baki ɗaya ko da ɗan ƙaranƙaran a gabansa.

Abin da ke raba sauri da hayaniya shi ne kashe tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa. Bes yana da gurnani; in kana kan G, tsirkiyoyin E da A suna iya fara ruri da kansu su dagula komai. Babban yatsan hannun kaɗi ya riƙa bin ka: yana kan E in kana A, ya sauko kan A yana jingine da E in kana D ko G. Cikin yatsun hannun danni kuma su kwanta a kan siraran da ke ƙasa. Ka ɗauki kanka a waya sau ɗaya a mako ka saurara. Kunnen mai kaɗawa yana yafe wa kansa abubuwa da yawa, na'urar ɗauka ba ta yafewa, kuma a nan za ka ji ko kana riga bugu, wanda shi ne halin mai fargabar wuri mai wuya.

Game da lokaci, minti 20 zuwa 30 kullum sun fi awa huɗu rana ɗaya a mako nesa ba kusa ba. Hannu yana daidaita abin da ya koya a lokacin hutu da barci, shi ya sa abin da ya gagare ka da dare kan zo da sauƙi da safe. Ka ɗumama hannu minti biyar da kaɗi mai laushi kafin ka nemi sauri, ka kuma riƙa sauke hannuwa kana girgiza su bayan kowane 'yan mintoci. Za a yi makonnin da lambar littafinka ba za ta motsa ba. In haka ta faru ka bar kiɗan kwana biyu ko uku, ka yi wani abu dabam, ka dawo.

Ina roƙonka da gaske a kan ciwo. Gajiyar tsoka daban, zafi mai suka a tsintsiyar hannu ko gwiwa daban, haka ma jin yatsu sun yi sanyi ko suna tsitstsira kamar ana soka allura. In ka ji irin wannan ka ajiye jitar nan take. Duba ko tsintsiyar hannunka tana lanƙwashe da yawa, musamman in kana jingina hannu a gefen jita ka karya shi ƙasa. A miƙe ake son ta gwargwadon iko. In ciwon ya kwana biyu bai tafi ba ka ga likita. Na taɓa yin biris da nawa, ya raba ni da kiɗa makonni.

Idan ka kai saurin waƙar, kada ka tsaya nan. Ka wuce shi da bugu 8 ko 10, don ranar da za ka kaɗa da mutane zuciya za ta buga, kuma mai ganga na iya ɗan ƙara wuta. Sannan ka gwada juriya: yankin da ka iya na daƙiƙa goma, waƙar na iya neman sa na minti huɗu, don haka ka riƙa maimaita shi ba tsayawa, minti ɗaya, sai biyu, kana duba kafaɗa da muƙamuƙi ko sun ɗaure. Daga nan ka rage metronom zuwa rabi, ka ɗauki ƙararsa a matsayin bugu na 2 da na 4 kawai, inda ƙaramar gangar tsakiya ke faɗowa a yawancin kiɗa, ka riƙe na 1 da na 3 da kanka. In ka iya kaɗa layin daga farko har ƙarshe a haka sau uku a jere, ka kashe metronom ka kira mai ganga.